Baƙin Littafin da Na Bi Har Sabuwa

Tun da na dawo 'yan majalisarmu suka hana ni sakat. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce me aka ba ni na ci, Alhaji Mudi mai shagon magani kuwa kullum tambayarsa ɗaya, wai da gaske na ga Malam Sabi'u ido da ido, kuma haka muryarsa take a fili? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya ƙyale ni. Zan kuma faɗi abin da ban faɗa a majalisa ba. Na ce muku ta'aziyya na je Faskari, daga can na wuce Sabuwa sada zumunci. Ta'aziyyar gaskiya ce. Zumuncin kuwa ƙarya na yi muku, ƙyashi ne ya ɗaga ni daga Ƙanƙara.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bala, malamin Turanci ne ni, na haura shekara ashirin ina koyarwa a sakandare. Malam Ƙamus ake ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. In za a yi bankwana da shugaban makaranta, ko a tarbi wani babba daga Katsina, ni ake nema in rubuta jawabi, in zuba kalmomin da shi kansa babban sai ya gyara zama. A yi ta tafi, ba wanda ya gane, ni kuma in koma gida ina hura hanci.

Sabi'u abokina ne tun kwalejin horon malamai, ɗan Pauwa ta nan ƙasar Ƙanƙara, ɗakinmu ɗaya kwanonmu ɗaya. A can na fara wani littafi mai baƙin bango. Duk kalmar Turanci mai wuya da na tsinta a jarida ko na ji a rediyo sai in rubuta ta, in bi ƙamus in sa ma'anarta a gefe. Na yi shekaru ina tarawa har littafin ya cika na ɗinka masa wasu takardu a baya. Da aka mayar da Sabi'u Sabuwa ya zo yi mini sallama, ya ce in ara masa littafin na zango ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma gaskiya ni ma na manta da shi.

Bara waccan sai aka fara yawo da wata murya a waya. Kullum da safe, minti uku kacal: mai maganar ya faɗi kalmar Turanci ɗaya mai wuya, ya faɗi ma'anarta da Hausa, ya kawo misali, ya yi sallama. Masu cajin waya suna zuba wa mutane a memori, har wanda bai taɓa shiga aji ba yana da ita. A wayar matata Hajara na fara ji, tana wanke-wanke tana dariya ita kaɗai. Na gane muryar tun kafin ya gama sallama, na kuma gane kalmar, don tana cikin littafina. Da daminar bana kuma labari ya iso cewa zai tara kalmomin ya buga littafi. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Abin da nake so ɗaya ne, in littafin nan zai fito, sunana ya fito a bangonsa, don a ganina gumina ake rabawa da muryar wani.

Ana cikin haka kawun Hajara ya rasu a Faskari. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, kuma Allah ya yafe mini, abin da ya fara zo mini a rai shi ne Faskari ta rage mini hanyar Sabuwa. Hajara ta je ta yi kwana uku ta dawo, ni aka bar wa sadakar bakwai. Tana haɗa mini jaka ta ga na miƙo babbar riga har uku.

Ta ce, "Malam, ta'aziyyar kwana guda da riga ukku? Gaisuwa za ka ko rigima?"

Na ce mata ta sa kayan kawai, rana na yi.

A tasha mun cika mota tun da hantsi amma ba mu tashi ba, don ba direban da ke ɗaga ƙafa sai motar farko ta shigo daga wajen Sheme an ji hanya lafiya. Direbanmu Ɗanliti sunansa, siriri, mai surutu. An ba ni gidan gaba don girmamawa, wato ni da wani mai ƙiba a kujerar mutum ɗaya, gwiwata na gogar giya. Muna fita gari Ɗanliti ya danna rediyon mota, sai ga muryar da na baro gida dominta.

"Kalmarmu ta yau ubiquitous. Ma'anarta abin da ko'ina ka waiga sai ka gan shi. Kun san baƙar leda? Kasuwa tana nan, gona tana nan, bisa ƙaya tana nan, har cikin tumbin akuya in an yanka. To baƙar leda ubiquitous ce."

Mota ta kaure da dariya. Wata dattijuwa a baya ta ce ai ɗansu ne, ɗan Pauwa, ta san uwarsa tun tana tallar fura. Ɗanliti ya ce, "Wanga malami Allah ya yi mashi baiwa. Ni da ban yi boko ba, yanzu kalma ta kai arba'in a kaina."

Na daure, na daure, na kasa. Na ce, "Wannan kalmar ai tun ba a haife ka ba na san ta."

Ya juyo ya dube ni, ba da raini ba, da mamaki. Ya ce, "To Malam, mi ya hana ka gaya muna?"

Sai na ce ya dubi hanya. Allah ya taimake ni, ba mu yi nisa ba tayar baya ta yi faci, maganar ta mutu. Wurin kuwa ba wurin tsayawa ba ne, dawa ta rufe hagu da dama, ba gida ba bukka. Nan da nan duk mazan muka fito. Jak ɗin Ɗanliti ya ƙi ɗagawa, sai mu shida muka tallabe motar da hannu ya zare taya ya sa safaya, dattijuwar tana ciki tana jan carbi da ƙarfi. Ban taɓa ganin an canza taya da sauri haka ba. Da muka koma mota na ga baƙin mai ya zana mini layi daga ƙirji har gwiwa, riga ta farko ta tashi aiki.

A 'Yankara muka sauka don in canza motar Faskari, kuma muka dace da ranar kasuwa. Maganar mutanen nan ta karkata wajen Zamfara, ka ce musu kaza su ce maka awo, wato e, kuma in sun ba ka fura sai sun tsaya a kanka sun ga ka ɗaga kwanon. Na samu rumfa kusa da karar shanu na zauna ina shan furar, wadda dole in yaba, ta fi tamu kauri da yaji. Can sai ga wani dillali da mutum biyu suna fama da wani bijimi da ya kafe ya ƙi hawa mota. An ja, an tura, an murɗa wutsiya, ko gezau. Dillalin ya share gumi ya ce, "Ku bar shi ya huce, wanga rikalsitiran ne."

Na ajiye ludayi. Recalcitrant, kalmar da na rubuta da hannuna a shafi na huɗu ko na biyar, wadda na taɓa sa wa a jawabin yaye ɗalibai mataimakin shugaba ya tambaye ni a asirce ko zagi ne. Ga ta a bakin dillalin shanu, ya murɗe ta ya ɓata, amma ya sa ta daidai inda ta dace. Na matsa na tambaye shi inda ya samo ta. Ya ce, "Malam na Sabuwa mana. Ya ce kangararre ke nan, wanda ko an ja shi ko an lallashe shi ba shi motsi. Ni har matata nake ce ma haka, ba ta san mi nike nuhi ba." Aka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Sauran furar ban iya shanye ta ba.

Na isa Faskari bayan azahar, na sauka gidan Alhaji Ilu, yayan Hajara. Gidan a cike yake, ba don makoki kaɗai ba. Dangi na ƙauyuka sun daɗe da tarewa a cikin gari, ɗakin baƙi ma mu huɗu ne, ni da wasu dattawa uku da buhunan masara da suka samu suka kwaso. An yi addu'a an shafa, aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya. Mu a Ƙanƙara dawa da gero muka fi sabawa da su, can kuwa tun daga Faskari ka yi kudu masara ce sarauniya, safe da yamma. Tuwon fari tas, sai dai ba ya riƙe ciki kamar na dawa.

Kuskuren da na yi shi ne da Alhaji Ilu ya tambaye ni ko gobe zan koma, na ce a'a, zan leƙa Sabuwa wurin wani abokina Sabi'u. Ya ce wane Sabi'un? Na ce wani malami ne. Ya ce ba dai na waya ba? Kafin in rufe baki magana ta zagaye rumfar makoki. Aka tashe ni daga tabarma aka mayar da ni kan darduma kusa da liman. Limamin ya riƙe hannuna ya ce in gaya wa Malam suna sa shi a addu'a. Wani ya tambaye ni dogo ne ko gajere. Shekara ashirin ina zuwa gidan nan a matsayin suruki, ba a taɓa ba ni darduma ba sai yau da na zama abokin Sabi'u. Na zauna a kai ina amsa gaisuwa, zuciyata kamar an zuba mata barkono.

Da safe ina shirin fita sai aka ce maƙwabciyarsu Hajiya Tabawa tana son gani na. Na same ta a soro riƙe da wani ƙaton jan zakara, an ɗaure masa ƙafafu da tsumma. Ta ce 'yarta sau biyu tana faɗuwa Turanci a jarrabawar fita, bana ta ci, kuma ba abin da ta riƙe sai muryar Malam.

Ta ce, "Ba ni da abin ba shi, Malam. Ka kai mashi wanga, ka ce in ji uwar Rabi."

Ɗaliban da suka ci Turanci a hannuna ba zan iya ƙirga su ba, ko ƙwai ɗaya uwar wani ba ta taɓa aiko mini ba. Na karɓa na ce Allah ya saka da alheri, zan isar. Haka na fito daga Faskari, jaka a kafaɗa, zakaran kishiyata ta sana'a a hammata.

Akwai hanyar da ke ratsa daji ta fito Sabuwa kai tsaye, amma yanzu ba mai bin ta, sai ka koma babban titi ka zagaya ta Funtuwa da Ɗandume. A Tafoki direba ya tsaya shan ruwa, mata suka yanyame mota da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Na sayi masara ɗaya, ina juyawa in amsa gaisuwar wani, zakaran ya miƙo wuya ya fara yi mini tarayya. A tashar Funtuwa wani mai kaji ya taya shi, kuma ba zan ɓoye ba, na tsaya na yi tunani. Abin da ya hana ni shi ne na san Hajiya Tabawa za ta ji, in ta ji Hajara ta ji.

Bayan Ɗandume shingayen bincike sun yi yawa, ga na sojoji ga na 'yan sa-kai, don an kusa iyakar Kaduna. A ɗaya daga ciki wani jami'i ɗan kudu ya karɓi katin shaidata, ya ga an rubuta malami, ya tambaye ni da Turanci me nake koyarwa. Kwana biyu ke nan ana ɗura mini Sabi'u, ga shi an ba ni fili. Na gyara murya na gaya masa, na ƙara da cewa hanyar nan perilous ce, jinkirin da ake yi mana kuma inordinate ne. Ya dube ni, ya dubi zakaran, ya ce in sauko. Ya sa na zazzage jakata a gefen titi, har rigar mai baƙin mai ya ɗaga ya duba, zakara na ta fuffuka a hannuna, ya kuma yi abin da kaji ke yi a kan riga ta biyu. Mun yi kusan rabin awa a wurin. Da na koma mota ba mai kallona, sai wani tsoho da ya ce a hankali, "Malam, don Allah a adana Turancin nan sai mun isa."

Na shiga Sabuwa kafin la'asar. Ban sha wahalar neman gidan ba, mai babur na farko da na tambaya ya ce in hau. Duk hanya na riga na gina wa Sabi'u gida a raina, bene, mota a ƙofa, shi kuma ya yi tumbi ya koyi kallon mutane sama-sama. Haka na so in same shi, don in samu dalilin jin haushinsa. Sai na tarar da gidan haya mai ɗaki uku, da tsohon babur ɗin nan nasa da na sani a jingine a soro. Ya fito da singileti, ya rame, furfura ta cinye masa gemu, ya rungume ni har da zakaran, yana ta faɗin, "Bala, Bala, ashe za ka tuna da ni." Idonsa ya kawo ruwa. Na ji kunya, amma kunyar ba ta kashe ƙyashin ba, gefe guda kawai ta matsar da shi.

Na isar da saƙon uwar Rabi da na liman. Matarsa Binta ta kawo mana fate da rana, wanda mutanen nan suka ɗauko daga Zazzau suke ci kamar ba gobe, mu kuwa a gida sai mata sun yi marmari ake yin sa. Da magariba aka kawo zakaran a cikin miya. Na ci cinya biyu da ƙirji, na ce a raina wannan ladan dakona ne. Ya ba ni ɗakinsa na karatu, katifa a ƙasa, littattafai a kwali. Na duba kwalayen da ido, ban ga baƙin bango ba.

Washegari bayan ya dawo daga makaranta ya ce in raka shi farauta. Na ce farautar me? Ya ce kalma, kwana uku ke nan tana ba shi wahala. Ya ce shi ba ya gaya wa mutane Turancin, halin yake kai musu su faɗa masa sunansa. Jiya ya je wurin mahauta bai samu ba. Muka tafi bayan masallacin Juma'a, wurin wani dattijo mai tufkar igiya da ake kira Baba Audu, wanda ya baro ƙauyensu da iyalinsa shekara uku da suka wuce. Sabi'u ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya ɗauki zaren buhu yana miƙa masa. Sun daɗe suna hirar farashin taki kafin ya ce, "Baba, na ji an ce an fara komawa garinku. Za ka koma?"

Tsohon ya tsayar da hannunsa. Ya ce, "Kullum da asuba sai in ce yau zan tafi in ga gonar nan, kabarin mahaifina na can. In rana ta fito sai in tuna abin da ya fito da mu, in ce ba inda za ni. Ina so, ba na so, duk a lokaci ɗaya."

"To Baba, wannan halin me ake ce masa?"

"Zuciya biyu ke nan, ɗana. Ba shakka ba ce, mai shakka bai san abin da yake so ba. Ni na sani. Biyu ne, kuma kowace gaskiya take faɗa mini."

Sabi'u ya nemi izininsa ya faɗi wannan a waya ba tare da ambaton suna ba. Da muka tashi ya nuna mini 'yar takardar da ke aljihunsa, an rubuta ambivalent. Na san kalmar shekara talatin amma ban taɓa jin nauyinta ba sai a bakin mai tufkar igiya. Na so in ce masa madalla. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba laifi."

Bayan la'asar muna zaune a soro na ga in ban yi magana yanzu ba ba zan yi ba. Tun daga Sheme nake shirya jawabi, da gabatarwa da hujjoji, amma duk ya zube. Na ce, "Sabi'u, littafina."

Ya ce, "Af, yana nan kuwa." Ya shiga ciki ya fito da shi a naɗe cikin ɗankwali, ko kunne ɗaya bai lanƙwashe ba. Ya haɗo da wani fayil, ya ce ga kuma wanda zai kai wa mai bugawa jibi, in duba masa tunda Allah ya kawo ni.

Na ɗora su a cinya, ɗaya dama ɗaya hagu, na fara bin su kamar mai duba jarrabawa. Na nemo recalcitrant a nawa, na ga na rubuta refractory, contumacious. Na nemo ubiquitous, na ga omnipresent, pervasive. Na nemo ta ɗazu, na ga equivocal, vacillating. Na yi ta buɗe shafi. Littafi guda, rubutun shekaru, babu kalmar Hausa ko ɗaya a ciki, kowace kalma mai wuya na fassara ta da wadda ta fi ta wuya. A nasa kuwa ga leda, ga bijimi, ga mai awo, ga uwar miji, ga ruwan da ke kwance a kwalbati. Na yi kusan awa ɗaya ina neman layi ɗaya tak da zan ɗora yatsa in ce wannan nawa ne. Ban samu ba.

Na ce, da murya wadda ni kaina ban so ta ba, "Amma kalmomin ai nawa ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Kalmomin na Turawa ne, Bala. Yara ke kawo mani su daga tsoffin takardun jarrabawa, wasu kuma a turo ta waya." Ya ce shekararsa ta farko a Sabuwa ya shiga aji da littafina, ya karanta musu kalma da ma'anarta, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce Malam, ita kuma ma'anar mece ce ma'anarta? Tun ranar ya naɗe shi ya sa a akwati, bai sake buɗewa ba. Bai faɗa don ya ci mini fuska ba, labari kawai yake ba ni, har yana dariyar kansa.

Na zo kama ɓarawo ne na tarar ba a ɗauki komai ba. Wallahi da satar ya yi da na fi jin daɗi, don aƙalla da na san abin nawa ya kai a sata.

Ina rufe littattafan sai ya dafa gwiwata. Ya ce, "Amma ka san wani abu? Da ban zauna ɗaki ɗaya da kai ba, da ban san ana son kalma ba. Kai ka sa mani wannan ciwon. Na daɗe ina tunani, ina so in sa sunanka a bango tare da nawa."

Abin da na taso dominsa ke nan, na tallabi mota, na yi dakon zakara, aka zazzage mini jaka a titi, ga shi an miƙo mini ba tare da na roƙa ba. Amma kun san yadda muke. Babban mutum ba ya cafke kyauta a miƙowar farko. Sai ka ce a'a, mai bayarwa ya ce don Allah, ka ce haba, ya rantse ya kira wani ya sa baki, a ta uku ka karɓa kamar an tilasta maka, kowa ya tashi da mutuncinsa. Don haka na kawar da kai na ce, "Haba Sabi'u, a'a. Aikinka ne, guminka ne, bar shi haka nan."

Na yi shiru ina jiran ta biyu.

Ya dube ni, ya jinjina kai. Ya ce, "Na san haka za ka ce. Kai tun muna makaranta ba ka cin abin da ba guminka ba. Shi ya sa nike ganin girmanka, Bala." Ya rufe fayil ɗin, ya ɗaure shi da roba, ya leƙa cikin gida ya ce Binta ta kawo mana rake.

Na ƙara kwana ɗaya a Sabuwa ba don komai ba sai don in ba shi dama. Da safe na tambaye shi wane launi za a yi wa bangon, ya ce kore. Da rana na ce bangon littafi in suna ɗaya ne kawai yakan yi fili da yawa, ya ce zai sa a zana ƙaramar fitila. Da yamma na ce wasu marubutan har su biyu suke haɗuwa, ya ce ƙwarai, ya taɓa gani. Ranar tafiya ya kai ni tasha a babur ɗinsa, ya riƙe mini jaka har na zauna, ya yi mini addu'a ya ce in gaida Hajara. Mota ta tashi yana ɗaga mini hannu, ni ina kallon bakinsa ta madubi ko zai motsa.

Da na iso gida Hajara ta karɓi jaka, ta fito da rigunan biyu ta dube su, ta ga baƙin littafin a ƙasa. Ta ce, "An sa sunan?"

Na ce, "Ya ce zai sa, na ce ya bari."

"Sau nawa ya ce?"

"Sau ɗaya."

Ta ce, "To ka kira shi mana, ba ga waya ba." Na ɗauki wayar ya fi a ƙirga a makon nan, in nemo sunansa in ajiye. Me zan ce wa mutumin da ya gama gaya mini abin da ya sa yake ganin girmana?

Na jinkirta rubuta wannan ne har littafin ya fito, don kada ya kai Sabuwa a ce roƙo nake yi. Makon jiya ya aiko mini da guda ta hannun wani direba, kore, da 'yar fitilarsa, da suna ɗaya da manyan baƙaƙe. Na karanta shi tas, yana da kyau, kuma kyansa yana ƙona ni har yanzu. Amma ba shi ne ya fi damuna ba. Shekara talatin muna tare da Sabi'u, ya san ni ciki da waje, ya kuma san yadda ake miƙa kyauta a yankinmu, don shi ma a nan aka haife shi. Har yau na kasa gane ko yarda ya yi da maganata, ko kuwa tun farko sau ɗayan ya yi niyyar faɗa.